Ranar da Baba Iro Ya Zare Wayar Murhu

Abin da ejan ɗin da ya yi mini biza ya faɗa mini a Kano shi ne, Makka na neman masu gyaran janareto ido rufe. Ya ce otal-otal ne tsaye har cikin gajimare, kowanne da inji a gindinsa, kuma babu mai taɓa su. Na yarda da shi, domin a lokacin duk wanda ya ce mini akwai garin da wuta ke kwana ta wuni, maƙaryaci na ɗauke shi. Na fi shekara ashirin ina kwance inji a bakin titi. Na gyara wanda ake ɗauka da hannu ɗaya, na gyara wanda in ya yi tari unguwa uku ke jin sa. Sabi'u Janare ake ce mini, har matata in ta yi fushi haka take kirana.

Na sauka a shekarun nan da ake rushe tsofaffin gidaje ana faɗaɗa Harami, ko'ina ka ɗaga kai ƙugiyar gini ce ke lilo a sama. Kafilina, wato Balaraben da sunansa ke kan takardata, sau ɗaya na gan shi. Ya kai ni aka yi mini iƙama, katin zaman ƙasa ke nan, ya nuna mini wani shago a kulle ya ce ga kamfanin, sannan ya dafa kafaɗata ya zuba Larabci mai tsawo. Wani ɗan Sudan da ke tsaye ya taƙaita mini: "Ya ce ka je ka nemi abin yi, Allah ne mai arziki."

Na yi ta zaga gari da jakar sifanu a kafaɗa, kunnena a buɗe. Gari guda, babu janareto ɗaya mai kuka. Na tambayi wani mai gadin otal yaushe rabon da a ɗauke musu wuta, ya dube ni kamar na tambaye shi hanyar kogi. Nan na san na ɗauko sana'ata na kawo ta inda ba ta da dangi.

Da guzuri ya ƙare, wani direban tasi ya sauke ni Ka'akiyya, can gefen gari inda haya ke da sauƙi, ya nuna mini wata ƙofa ya ce mutanenmu na ciki. Tsohon da ya buɗe dogo ne siriri, gemunsa fari kamar an tsoma shi a nono.

"Daga ina?"

"Daga Kano, Baba."

Ya ɗaga kai sama. "Ya Allah, na roƙe Ka abokin zama, sai Ka aiko mini bawana."

Nan na gane Bazazzagi ne, abokin wasa. Na ce, "Ni aka turo in duba ko bayinmu na Zariya na samun abinci a ƙasar nan."

"Shigo, maƙaryaci. Bakinka ma ya nuna ba ka karya ba."

Ya raba burodin tamis ɗinsa biyu, ya tura mini kwanon wake, ya dafa shayi. Katifarsa ya ba ni ya koma kan darduma, ya ce wai bayansa ya fi son ƙasa. Wannan shi ne Baba Iro. Bai tambaye ni ko zan iya biyan haya ba, bai kuma tambayi ranar da zan tashi ba.

A hankali na san labarinsa. A Tudun Wada ta Zariya ƙanƙara yake sayarwa, yana da firiza jere a shago. Wata rana aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfin da ya wuce kima, firizojin suka ƙone gaba ɗaya a gabansa. Abin da ya raba shi da gida ke nan. Ya zo Makka da matarsa, Goggo Rabi, ya samu gadi a gidan wani tsohon Bamakke. Matar ta rasu a nan, aka sallace ta a Harami, aka kai ta maƙabartar Shara'i'. Daga baya maigidan ma ya rasu, 'ya'ya suka watse, gidan ya shiga cikin waɗanda aka rushe, iƙamar Baba ta mutu babu mai sabunta ta. Tun daga nan yake bin gefen bango. In ya hango motar 'yan sanda mai fitila a ka, sai ka ga tsoho ya zama inuwa.

Na taɓa ce masa, "Baba, me ka tsaya yi? Ka koma gida mana, jikoki su ja maka gemu."

Ya ce, "Ni ba arziki nake nema ba yanzu, ɗan Kano. Wuri nake jira. A ɗauke ni a shigar da ni Harami, liman ya yi mini kabbara huɗu, a kai ni inda Rabi take. Shi ke nan buƙatata, kuma ba ta da nisa."

Ya faɗe ta kamar mai maganar motar da zai hau da yamma. Duk abin da Baba ke yi, lallaɓawar nan da ɓuyan nan, don wannan ne.

Gidan namu tsoho ne, wayoyinsa sun girmi Baba. Wata Juma'a da rana, kowa ya dawo masallaci ya kunna mukayyif, wato esi, sai mita ta gaji ta faɗi. Ni murna ma na yi, na ce yau na ga ɗan garinmu. Amma kafin in rufe baki, tsohon nan da ke ɗaukar rabin yini kafin ya miƙe daga sujada ya yi tsalle ɗaya ya zare wayar firji, ya zare ta butar shayi, ya zare cajar wayata, har rediyon da ke aiki da batir sai da ya kashe.

Na ce, "Baba, in da mutum na da waya a jiki, da ni ma ka zare ni."

Yana haki ya ce, "Kai ba ka san ta ba. Ba tafiyarta ke kisa ba, dawowarta."

Muka yi dariya. Kowane mutumin ƙasarmu ya san wannan tsallen, da shi aka raine mu.

Aikin farko da na samu na lokacin Hajji ne, a Muzdalifa, filin da alhazai ke yada zango bayan Arfa. Mu ne masu kwashe shara in sun wuce. Tabarmi, robobin ruwa, takalma marasa 'yan'uwa. Na rantse na tara silifa ƙafar hagu da za su ishi Kano da kewaye. A can ne, da hantsi, na ji wani sauti da ya tsayar da ni cak. Janareto ne ke tari a bayan wata motar abinci. Warin gas ɗin nan ya bugi hancina, sai ga bakin titinmu, ga mai kokon da ke gefen rumfata, ga 'yata ƙarama tana kawo mini abinci a kwano. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina hawaye a gaban inji, ƙato da ni.

Mai motar yana ta zagaya shi da waya a kunne. Baƙi ne kamar ni, cikin farar jallabiya. Na ce da hannu ya ba ni wuri. Matatar mai ce ta toshe da ƙura, aikin da ko a mafarki ina yi. Da injin ya tashi na ce, "Yauwa, ɗan albarka."

Mutumin ya juyo. "Kai Hausa ne?"

Sunansa Abu Majid. Kakanninsa da ƙafa suka zo daga ƙasar Haɗeja, shi a Makka aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Hausarsa kamar tsohuwar riga ce, duk inda ta yage sai ya yi mata faci da Larabci. Yana da ɗakin girki a unguwar Shisha, ƙasan wani bene da iyalai ke zaune a samansa, inda yake dafa raguna da shinkafa na biki da walima. Bayan Hajji ya nemo ni, ya mayar da iƙamata hannunsa, na zama mai kula da firji, fanka, famfo, da duk abin da ke da waya.

Ni na roƙe shi ya ɗauki Baba Iro. Na ga tsoho na fita tallan tasbaha a rana yana waige-waige, na ce a ɗakin girki ko ba komai yana cikin inuwa, babu mai ganinsa. Abu Majid ya ce, "Ya Sabi'u, babu iƙama, mushkila ce babba." Washegari ya dawo ya ce ya faɗa wa mahaifiyarsa, ta ce ba a mayar da tsoho. Baba ya fara zuwa yana tsince shinkafa yana yanka albasa. Na yi ta yi masa gori cewa Bakano ya sama wa Bazazzagi aiki. A lokacin gani nake na yi masa gatan da ba a taɓa yi wa wani ba.

Naman Abu Majid a rami ake gasa shi da itace, a wani fili bayan gidan, ƙamshin hayaƙin nan shi ne kasuwarsa. Sai baladiyya, hukumar gari, ta hana hura itace a tsakiyar unguwa. Ya gwada gas, masu biki suka ce naman ya zama na asibiti. Shi ne ya yi odar wani murhu daga waje.

Ranar da aka sauke shi na zaci firiza ce ta yi ƙiba. Ƙarfe ne baƙi mai ƙafafun taya, cikinsa na ɗaukar raguna. Ba ya cin itace, ba ya cin gawayi. Abincinsa garin katako ne da aka matse ya zama 'yan ƙwayoyi, in ka gan su sai ka rantse awaki ne suka kwana a buhun. Ana zuba su a wani akwati a gefe, wani ƙarfe mai murɗi irin na injin markaɗe yana tura su kaɗan-kaɗan cikin wuta, fanka na hura ta tana kora hayaƙi ta bututu zuwa waje. Akwai allo mai lambobi da ke ba kowa umarni. Wutar itace ce sosai, amma ba ta numfashi sai da lantarki.

Na zauna na kalle shi, na ce wa Abu Majid, "In aka ɗauke wuta yana tsakiyar ci fa?"

Ya yi dariya. "Nan Makka ce, ya Sabi'u, ba Kano ba."

Na ce, "Na sani. Amma in fankar nan ta tsaya, garwashin ba ya mutuwa. Hayaƙi zai rasa hanya ya dawo ɗaki, wutar kuma ta bi murɗin nan a hankali ta hau akwatin ƙwayoyi. Sama da mu mata ne da yara."

Da ya ji mata da yara sai dariyar ta tsaya. "Ɗayyib. Me za a yi?"

Shekaruna a ƙasar, ranar ce aka fara tambayata abin da na sani. Na gyara zama kamar alƙali.

Abin da ya fara zuwa bakina, ba sai an faɗa ba, janareto ne. Abu Majid ya ɗaga hannu biyu. "La, la. Kafin ka ja igiya sau biyu maƙwabta sun kai ni baladiyya." Na so in yi musu saboda zumunci, amma gaskiyarsa ce. Ban da ƙara da hayaƙi, janareto sai an je an tashe shi, kafin nan ɗaki ya turnuƙe. Kuma wutar ƙananan janareton nan hawa take tana sauka, allon murhun ba zai jure ba.

Sai ya ɗauko ɗan akwatin da ke riƙe wa kwamfutar ofishinsa wuta. Muka jona, muka kashe mita. Ya riƙe murhun daidai shan kofin shayi, sannan ya fara kuka kamar ɗan akuya ya mutu. Na ce wannan zai ba ka damar kashe murhu cikin mutunci, amma ba zai ƙarasa maka rago ba. Muka yi zancen sola, mai benen ya ce rufinsa cike yake da tankuna, kuma ko an sa ta sai an haɗa da batir.

Muka tsaya a kan batir da inbata. Na farko da na sayo a kasuwar gwanjo mai araha ne, ina jona shi fankar ta fara gurnani kamar raƙumi mai ciwon haƙori, allon na ƙifta ido. Wutarsa kaushi gare ta. Na mayar, muka sayi mai wuta sumul irin ta bango, wanda in an ɗauke yake karɓa da kansa kafin ka ƙifta. Batir kuma na ƙi na mota, domin shi ƙarfinsa na tashi ɗaya ne, ya yi ihu ya gaji. Na sa aka kawo manya irin na sola, masu bayarwa kaɗan-kaɗan su daɗe. Murhun ba ya da ci sai lokacin kunnawa. In ya kama, abin da yake sha bai fi na fanka biyu ba. Na jera batiran a lungun da ya fi sanyi, don zafin Makka na dafa batir kamar ƙwai.

Ranar gwaji na tara kowa. Rago na ciki, na kashe mita. Fitilu suka mutu, murhu ko tari bai yi ba. Inbata kawai ke ƙara, ƙit, ƙit, yana sanar da cewa shi ke riƙe da gida. Abu Majid ya sumbaci goshina. Baba ya ce, "Ashe Kanawa na faɗar gaskiya sau ɗaya a shekara."

Na so in haɗa wayar murhun da inbata ta ciki, in rufe, babu abin zarewa. Abu Majid ya ce a'a, duk Alhamis ana tura murhun waje a wanke maiƙo, dole a bar shi da soket. Magana ce mai hankali, na bari. Amma na ja Baba gefe, domin shi aka ba aikin zama kusa da murhun yana ƙara masa ƙwayoyi.

"Baba, wannan ba firiza ba ce. In an ɗauke wuta, kada ka taɓa wayar nan. Zare ta shi ne haɗarin."

"Na ji."

"Ko ka ji yana ƙara, ƙyale shi. Aikinsa yake."

"Na ce na ji, bawana. Yaro ka mayar da ni?"

Abu Majid kuma, don ya girmama shi, ya kira shi ammi, wato baffa da Larabci, ya dafa murhun ya ce, "Ammi Iro, wannan amana ce a hannunka. Duk abin da na mallaka yana cikin ƙarfen nan." Na ga yadda tsohon ya miƙe wuya. Tun rasuwar maigidansa babu wanda ya ba shi amanar ko da mabuɗi.

Aka shekara, aka doshi ta biyu, wuta ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Batirana suka zama 'yan fansho, suna zaune ana share musu ƙura. Baba kan gaishe su da safe, "Sannunku da hutawa, dangin Sabi'u." Lokacin nan ne mafi daɗi da na yi a ƙasar. Muna ci mu ƙoshi, ina aika wa gida, Baba ya yi kumatu. Ranar Juma'a in mun sami sarari Abu Majid kan ɗauke shi a mota ya kai shi Shara'i', ya tsaya daga bakin layukan duwatsun nan marasa suna ya yi sallama.

Ranar da abin ya faru tsakiyar zafi ne, irin wanda in ka tofa yawu ba ya kaiwa ƙasa. Muna da walima da yamma, raguna na cikin murhu tun hantsi. Bayan azahar ni da Abu Majid muka tafi kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya sayen na gobe. Muka bar Baba da wasu ma'aikata biyu. Masu haƙa titi a bayan layin suka sari babbar waya, unguwar ta mutu gaba ɗaya.

Sauran na haɗa shi ne daga bakin Baba da na maƙwabta. Ɗakin girkin ba shi da taga. Duhu ya rufe, mukayyif ya yi shiru, inbata ya fara ƙit, ƙit. Baba ya ce shi bai san lokacin da ya tashi ba. Ya ce ya tsinci kansa ne tsaye da waya a hannu, zuciyarsa na cewa alhamdu lillahi, na riga ta. Har ya koma ya zauna, yana jin ya tsare wa yaron nan dukiyarsa.

Sai hayaƙi ya fara fitowa ta bakin murhun. Nan maganata ta faɗo masa. Ya laluba cikin duhu ya mayar da wayar, allon ya kawo wani jan rubutu ya ƙi tashi. Kitsen raguna na ɗiga a garwashi, wuta ta bi murɗi ta shiga akwatin ƙwayoyi. Hayaƙin ya cika ɗakin ya kama matakala ya yi sama.

Ma'aikatan nan biyu su ma takardunsu ba su cika ba. Suka fita ta ƙofar baya, suna kiransa, "Ammi, yalla, yalla." Lungu ne a buɗe, taku kaɗan ya shige cikin kasuwa, babu wanda zai ce ya gan shi. Shekara da shekaru abin da ya iya ke nan. Bai bi su ba. Ya hau bene yana dukan ƙofofi har sai da matan suka fito da 'ya'yansu, sannan ya sauko ya ɗauki shebur yana kwashe ƙwayoyin da ke ci yana watsawa waje. A haka 'yan kwana-kwana suka same shi.

Da muka iso an kashe wutar. Babu wanda ya ji ciwo. Baba na zaune a bakin titi, farin gemun nan ya koma baƙi, wani jami'i na tsugune yana ba shi ruwa. Ya bar shi ya sha, ya huta, sannan cikin ladabi ya ce, "Iƙama, ya ammi."

Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da tsohon katin, naɗe a leda. Bai dubi jami'in ba, ni ya duba.

Lokacin an tsananta binciken takardu a ƙasar. Abu Majid ya yi iya yinsa. Ya roƙa a wurin, ya bi su ofis, mahaifiyarsa ta kira duk wanda ta taɓa goyawa. Matan benen ma suka aika mazajensu su shaida cewa tsohon nan ne ya fitar da su. Aka saurare su, aka ce Allah ya saka masa, amma doka doka ce. Aka rufe ɗakin girkin na wani lokaci, aka ci Abu Majid tara, Baba kuma aka wuce da shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Wanda aka fitar ta nan, an ɗauki yatsunsa, ba ya dawowa sai bayan shekaru. Baba ba shi da waɗannan shekarun, kowa ya sani.

Da ƙyar Abu Majid ya samo mini izinin kai masa kayansa. Jaka ɗaya ce: jallabiya biyu, Alƙur'ani, butar shayi, da wani mayafin Goggo Rabi. Aka fito da shi, ƙarfe a tsakaninmu. Ya rame cikin 'yan kwanakin nan har kumatun sun koma inda suka fito.

"Bawana, ka zo."

"Na zo, Baba. An ce Zariya sun yi waya, sun ce ba sa karɓa, a kai ka Kano."

Ya yi ɗan murmushi don kada in ji kunya. Sannan ya matso. "Murhun fa? Ya tashi?"

Murhun ya ƙone. Allon ya narke, akwatin ya lanƙwashe, masu gwangwan ne suka ɗauke shi. Na ce, "Lafiyarsa ƙalau. Hayaƙi ne kawai. Jiya ma rago huɗu ya gasa, har yana tambayarka."

Ya daɗe yana kallona. "Ƙarya kake, ɗan Kano."

"Wallahi Baba..."

"Kada ka rantse. Na gode." Ya sunkuyar da kai. "Ka faɗa mini, na kuma ji. Hannun ne bai ji ba. Ka ba yaron nan haƙuri, ka gaishe da tsohuwarsa." Sannan ya ce, "Ko ɗawafin bankwana ban yi ba. Rabi ma ban je na ce mata na tafi ba."

Na ce zan je. Mai gadi ya taɓa kafaɗarsa, Baba ya ɗauki jakar ya juya. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Abu Majid ya sake sayen wani murhun daga baya. Wannan karon na haɗa wayar ta ciki na rufe da ƙarfe, bai hana ni ba, ranar Alhamis a wurin ake wanke shi. Na ƙara 'yan shekaru a Shisha, kuma har na baro ƙasar wuta ba ta sake ɗaukewa a layin nan ba. Sau ɗaya tak ta tafi. Na sha zama ina lissafin abin da ba ya lissaftuwa: da na bar shi da tallan tasbaharsa, da na dage a kan soket ɗin, da ragunan gobe sun jira la'asar. Babu wanda ya yi mugunta a cikinmu, kowa alheri ya nufa, shi ya sa ma abin ya ƙi wucewa.

Baba ya sauka wurin ɗan ƙanensa a Zariya. Mukan yi waya. Yakan tambaye ni ko an gama ginin Harami, ko tamis ya ƙara kuɗi, wa ya rasu a cikin mutanenmu. In na ce wane ya rasu an sallace shi bayan la'asar, sai ya ce, "Ya dace." Na daina faɗa masa, na koma ce masa kowa lafiya, babu mai mutuwa a Makka yanzu, an hana.

Damina biyu ya yi a gida. Ɗan ƙanen nasa ne ya kira ni wata safiya ya ce an kai Baba, a maƙabartar unguwarsu, mutane sun taru sosai.

Na ce wa Abu Majid ba zan yi aiki ba ranar. Na hau mota na tafi Harami. Bayan sallar la'asar aka yi kiran sallar gawa kamar yadda ake yi kusan kowace salla, aka shigo da makara a jere. Na miƙe cikin sahu. Liman ya yi kabbara huɗu a kan mutanen da ban san ko ɗaya ba, ni kuma a zuciyata na sa Baba Iro a cikinsu. Ban tambayi wani malami ko hakan ya halatta ba, kuma har yau ban tambaya ba.